Ɗanjuma da Salansar Alhaji Lawal

A garin Tsiga akwai wani mutum mai suna Ɗanjuma, amma shi ya fi so a ce masa Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya ba kansa. Iyakar abin da aka sani shi ne, a ƙuruciyarsa ya taɓa yin karen mota a hanyar Funtua zuwa Malumfashi, aka sallame shi tun damina ba ta fita ba, saboda direban ya gaji da a riƙa koya masa tuƙi. Tun daga nan, duk motar da ta gifta ta gaban rumfar Awaisu mai shayi sai Ɗanjuma ya ɗaga yatsa a yi shiru, ya karkata kunne, ya faɗi ciwon da ke damunta. Da yake motocin ba sa tsayawa, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Surukinsa Alhaji Lawal, uban matarsa Lauratu, manomin barkono ne. Yana da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura wadda salansarta ta ruɓe ta huje kamar rariya. In aka tashe ta, jariran unguwa uku ke farkawa. Bana barkono ya yi kyau, an shanya ya bushe, an ɗura a buhuna, dillalan Dandume suna jira. Alhaji ya ce a kai motar Malumfashi wurin Bayo makanike ya sa mata sabuwar salansa kafin ranar kasuwa.

Ɗanjuma yana durƙushe a zaure, ya zo gaisuwa, sai ya ɗago kai.

"Baba, ina raye a kai motarka wurin bare? Salansa ai ba aiki ba ce. Bututu ne da tukunya."

Alhaji ya ce, "Ɗanjuma, barkonon nan shi ne noman gidan nan na bana gaba ɗaya."

"Shi ya sa ma, Baba. Ni zan gyara ta, ni zan tuƙa ta har Dandume. In ta shiga kasuwa sai an taka ta kafin a san ta iso, don shiru."

Alhaji mutum ne mai kunyar suruki. Ya yi ta shafa gemu, daga ƙarshe ya miƙa masa makulli yana kallon rufin zaure.

Da labari ya isa gida, Lauratu ta ajiye tankaɗen da take yi. Ta ce, "Baban Raudatu, don Allah ka bar wa Bayo motar nan."

"Ke me kika sani a mota ban da shiga da fita?"

"Na san fita da rai," in ji ta.

Washegari Ɗanjuma ya ajiye motar a gaban rumfar Awaisu, don a nan jama'a ke taruwa, kuma shi ba ya son aikin da ba masu kallo. Ya buɗe bonet, ya sa aka tashi motar, ya kara kunne a jikin injin ya lumshe ido.

Ladidi mai ƙosai, wata dattijuwa da ke suya a gefen rumfar, ta ce, "Me take ce maka?"

"Injin Faransa ne zalla, Iya. Da shi ta fito daga kamfani, hannu bai taɓa shi ba. Har yaren nake ji."

"Ni tari nake ji," in ji Ladidi.

Cire tsohuwar salansa ya zo da gardama. Notinan sun yi tsatsa sun manne. Ɗanjuma ya shige ƙarƙashin mota da sifana, ya ja, ya ja, sifana ta kuɓuce ta sumbaci goshinsa. Ya fito da ƙulu kamar ƙwan zabo, ya ce dama gwada ƙarfin notin yake yi. Sai ya nemo igiya, ya ɗaura baki ɗaya a wutsiyar salansa, ɗaya bakin kuma a jikin wani ginshiƙi da ya ga ya yi masa kauri.

Awaisu ya ce, "Injiniya, wannan fa dirkar rumfata ce."

"Aro zan yi, ba saye ba."

Ya shiga mota, ya sa giya, ya taka. Salansa ta fita kuwa, ba a yi masa musu ba. Sai dai ba ita kaɗai ta fita ba: dirka ta bi ta, rumfa ta durƙusa a kan masu shan shayi, gwangwanayen madara suka yi ta gangarawa har bakin kwata. Wani dattijo ya rarrafo daga ƙarƙashin zana da kofinsa a hannu, bai zubar da ko ɗigo ba, ya ce, "To, ita ma rumfar sabuwa za ka sa mata?"

Ɗanjuma ya leƙo ta taga. "Kun dai ga ta cire."

Kashegari ya hau motar haya ya nufi Funtua, shagon Chukwuebuka mai kayan gyaran mota, wanda kowa ke kira Ebuka. Ibo ne, amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi.

"Salansar Fijo a-kori-kura nake so, mai kyau."

Ebuka ya ce, "Akwai, Malam. Amma wane inji ne a cikinta? Tsofaffin motocin nan yawancinsu jiki na wani ne, ciki na wani."

Ɗanjuma ya dafe ƙirji. "Ni kake tambaya wane inji? Ka san da wa kake magana?"

"Ban sani ba, shi ya sa na tambayi injin, ban tambayi sunanka ba. Ka ɗauko hotonsa a waya?"

"Hoto na masu koyo ne. Ni da kunne nake aiki."

"To, kunnen ya ce me?"

"Na asali ne."

Ebuka ya sauko masa da salansa doguwa tana ƙyalli, ya ce, "Ga ta. Amma in ka yanka ta ko ka lanƙwasa ta, ta zama taka har abada."

Ɗanjuma ya shigo Tsiga da ita a kafaɗa kamar mai dawowa daga farauta. Ya bi ta doguwar hanya don kowa ya gani. Da ya iso ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya ɗaga salansa, sai ga abin mamaki: bakinta yana neman dama, injin kuwa ya buɗe nasa bakin a hagu. Ya juya ta, tukunyar ta daki ƙasa. Ya sake juyawa, wutsiya ta leƙo ta gaban mota.

Ladidi ta ce, "Ko yaren nasu ne bai zo ɗaya ba?"

Awaisu, wanda har lokacin yana tokare rumfarsa da turmi, ya matso ya leƙa cikin bonet. Ya sa tsumma ya goge baƙin mai da ya daskare a murfin injin. Rubutu ya fito.

"Injiniya, nan fa an rubuta Japan."

Wani mutum da tuni ya nemi inda zai ɓuya, amma Ɗanjuma ba wani mutum ba ne. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe riga, idanunsa suka ƙanƙance.

"Na sani," in ji shi. "Tun jiya na sani. Shiru na yi don in ga ko ɓarawon yana cikinku. Jama'a, an sace injin Alhaji! An cire na Faransa an liƙa masa wannan!"

"Jiya ka ce har yaren kake ji," in ji Ladidi.

"Ai shi ne. Na ji yana Faransanci da wata irin murya."

A gida ya ba Lauratu labari yana zagaye tsakar gida. Ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Baban Raudatu, ka bar maganar injin nan. Don girman Allah ka bar ta."

"In bar ta? An yi shekaru ana cutar mahaifinki, ni na gano, ki ce in bar ta? Wa ke taɓa motar in ba Bayo ba? Kuma kada ki kuskura ki gaya wa Baba. A tsakiyar kasuwar Dandume zan fasa, gaban dillalai, ya san irin surukin da Allah ya ba shi."

Lauratu ta ce, "Wallahi ya sani."

Bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya hau acaɓa sai Malumfashi. Adebayo, wanda ake kira Bayo, Bayerabe ne haifaffen garin, ya tsufa a cikin baƙin mai. Yana cin rake a ƙofar garejinsa Ɗanjuma ya diro.

"Ina injin Alhaji Lawal na Tsiga?"

Bayo ya tofar da ɓawon rake. "Wanne daga ciki?"

Ɗanjuma ya juya ga mutanen da ke wurin. "Kun ji ko? Wanne daga ciki! Ku zama shaida!"

Bayo ya ƙare masa kallo, sai ya gane shi. "Au, kai ne mijin Lauratu?" Daga nan ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya zame ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ka canza ko ba ka canza ba?"

"Na canza, Malam Ɗanjuma. Da hannuna."

"Ya amsa!"

"Je ka tambayi Alhaji dalili. Ni an ce in yi shiru, kuma na yi. Kawo motar in haɗa maka salansar da ta dace da ita, ba wani abu ba ne."

"In kawo ka kwashe tayoyin su ma? Mu haɗu gaban hukuma."

"Allah ya kai mu. Ka gaida Alhaji," in ji Bayo, yana share hawaye.

Kasuwa ta matso, ga mota ba salansa, ga salansa ba mota. Komawa wurin Ebuka kuwa na nufin amsa tambayar da ya ƙi amsawa. Saboda haka Ɗanjuma ya ari zarto ya raba sabuwar salansa gida uku. Ya samo wani tsohon bututun ban-ruwa na ƙarfe, da gwangwanayen madarar da ya tsinto daga kwatar Awaisu, da waya, ya yi ta ɗaure-ɗaure.

Gwajin farko, da ya murɗa makulli, abin ya yi ƙara kamar bindigar mafarauta. Gwangwani ɗaya ya tashi sama, ya sauka tsulum a cikin kaskon Ladidi. Awakin unguwa suka tsinke igiya. Baƙin hayaƙi ya feshe wani mai farar riga da ke hanyar ɗaurin aure, ya juya gida.

Ladidi ta tsamo gwangwanin da matsami, ta ɗaga shi. "Wannan a sa maka yaji, ko haka za ka ci?"

Ɗanjuma ya ce matsalar ba daga gare shi ba ce, ƙarƙashin motar ne ya yi ƙunci. Sai dabara ta faɗo masa. Ya huda ƙasan bodin motar ta baya, ya zaro bututun ta ciki, ya kwantar da tukunyar salansa a inda ake loda kaya, ya miƙar da wutsiyarta sama.

"Irin ta tirela ke nan," ya gaya wa jama'a. "Turawa ma yanzu haka suke yi."

Awaisu ya ce, "To, kayan fa? A kan me za su zauna?"

Ɗanjuma ya kifa wani guntun kwanon rufi a kan tukunyar, ya shimfiɗa tabarma a sama, ya bubbuga da hannu. "Ko jariri ka kwantar a nan sai barci."

Abin haushi, da aka tashi motar sai ta yi shiru. Ba shiru sosai ba, amma jarirai ba su farka ba. Ɗanjuma ya zagaya rumfa yana karɓar gaisuwar da ba wanda ya miƙa masa.

Ranar kasuwa Alhaji ya yi sammako ya bi motar haya don ya tari dillalai. Ɗanjuma ya sa aka loda buhunan barkono har suka haura kan mota, aka ɗaure tamau. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya kama hanya.

Har Bakori lafiya lau. Har Funtua lafiya lau, sai dai wani ƙauri-ƙauri da ya ɗauka na masu gasa masara ne. Da ya ɗauki hanyar Dandume, kwanon rufin nan ya yi ja, tabarma ta cinye, buhunan ƙasa suka fara turara. Iska tana kwashe hayaƙin tana kai wa na baya, shi kuwa a gaba ko a jikinsa.

Wani ɗan acaɓa ya wuce shi, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ɗaga masa hannu. Ɗanjuma ya ɗaga masa shi ma. Na biyu ya wuce yana atishawa yana nuna bayan motar. Ɗanjuma ya yi murmushi, ya ce a ransa, "Sun ga aiki." Wata bas ta jera da shi, fasinjoji sun toshe hanci da mayafai da huluna, direban ya leƙo yana ihu.

"Malam! Hayaƙi! Hayaƙi!"

"Sabuwar salansa ce!" in ji Ɗanjuma. "Ni na haɗa!"

"Allah ya isa!" in ji direban, ya taka mota.

A bakin kasuwar Dandume cunkoso ya tsayar da shi, iska kuma ta juya. Hayaƙin nan fari, mai kauri, ya kwanta a kan kasuwa kamar an shimfiɗa bargo. Masu awon masara ne suka fara. Daga su sai masu tumatir, sai mahauta, sai layin 'yan gwanjo. Kafin a ce me ke faruwa, kasuwa gaba ɗaya ta ɗauki tari da atishawa. Wani mai tallar maganin tari da lasifika yana cikin cewa, "Cokali ɗaya, tari ya zama tarihi," sai tarin ya sarƙe shi, lasifika ta yi ta watsa shi har ƙarshen kasuwa. Jakuna suka yi ta harbin iska. Wani ɗan dako ya yar da buhu ya tsoma kansa a cikin bokitin mai kunu.

Hayaƙin ya shigo wa Ɗanjuma ta taga. Ya buɗe baki zai tambayi wane marar hankali ne ke ƙona barkono a kasuwa, sai numfashi ya ƙi. Ya faɗo daga mota yana lalube.

'Yan garuwa suka rugo suka sheƙa wa kayan ruwa. Ruwa ya taɓa jan ƙarfe, tururi ya tashi, abin ya ninka. Da ƙyar wasu samari suka ɗaure fuska da riguna, suka yanke igiya, suka jawo buhunan ƙasa. Na ƙasa sun zama gawayi, na tsakiya sun gasu, na sama sun jiƙe sharkaf.

Alhaji Lawal ya ratso taron da dillalansa a baya, kowa ido jajir. Ya tsaya ya dubi noman shekara a zube a ƙasa. Ya dubi bututun ban-ruwa da gwangwanayen madara.

Ɗanjuma ya ga in bai yi magana yanzu ba, ba zai sake samun taro irin wannan ba. Ya haye bonet, babbar riga tana ɗiga, ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Baba! Wannan ba laifin..." Atishawa ta katse shi. "Ba laifin salansa ba ne! Injin ne ba nata ba! An sace injin Alhaji! Bayo na Malumfashi ya cire na asali ya sa masa na Japan, kuma ya amsa da bakinsa gaban shaidu! Ni na gano!"

Taro ya juya ga Alhaji. Alhaji ya fyace hanci, ya ninke hankici, ya sa a aljihu. Kunyar surukin da ya yi shekaru yana riƙo, hayaƙin barkono ya ƙone ta.

"Ni na sa shi ya canza," in ji shi.

"Na'am, Baba?"

"Ka tuna ranar sunan 'yarka Raudatu, da ka ari motar nan za ka ɗauko rago? Ka tsiyaye baƙin manta, ka ɗura mata kalanzir, ka ce za ka wanke mata ciki?"

Ɗanjuma ya ce, "Ai ta wanku, Baba."

"Ta wanku. Ko Bakori ba ta kai ba injin ya ƙone ƙurmus. Lauratu ta zo tana kuka, ta ce kada a kunyata ka ga baƙi cike da gida. Na sayar da bijimina na sa mata wannan, muka ce maka batir ne ya yi sanyi. Ɓarawon da kake nema, sauko mini daga kan mota."

Dariya ta so ta tashi, amma ba wanda ke da maƙogwaron yin ta. Duk wanda ya fara sai ta koma masa tari. Haka kasuwar Dandume ta yi ta yi wa Ɗanjuma tari har ya sauko, ya nemi hularsa ya rasa.

Bayo ne ya zo ya ja motar zuwa Malumfashi. Ya toshe ramin bodi, ya sa mata salansar da ta dace, ya rataye ta Ɗanjuma a ƙofar gareji, masu wucewa suna tsayawa kallo. Barkonon da ya jiƙe aka sake shanya shi, dillalai suka saya a wulaƙance. Wanda ya gasu kuwa ba mai so ko kyauta. Alhaji ya sa aka loda shi a amalanke, aka sauke a ƙofar gidan Ɗanjuma, da saƙon cewa ladan aikinsa ne, kuma kada ƙwaya ɗaya ta tafi a banza.

Lauratu mace ce mai bin maganar iyaye. Ta daka buhun farko tas, ta cika tulu. Miyar kuka da shi, miyar kuɓewa da shi, ɗanwake da shi, har kunun safe sai da ta barbaɗa. Ɗaci ga yaji ga ƙauri, ko kajin gidan sun daina zuwa kusa da kwanon wanke-wanke.

Ran nan ta ajiye masa tuwo ta zauna a gefe tana kallo. Ya kai loma, idanunsa suka kawo ruwa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya keto masa.

"Baban Raudatu, yaya miyar?"

Ɗanjuma ya daɗe kafin murya ta dawo. Ya share hawaye da hannun riga.

"Ai mutane ba su sani ba ne," in ji shi a shaƙe. "Barkono sai an gasa yake ba da ɗanɗano. Ni na gano wannan ma."

Lauratu ta jawo tulun kusa da shi.

"Madalla," in ji ta. "Saura buhu shida."